Tankin Da Aka Juye Bai Zama Fanko Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

  

A 'yan shekarun nan yankinmu ya ga sojojin ƙasashen waje suna tattara nasu ya nasu suna komawa gida. Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a watan Disamba na 2023, wasu ta jirgin sama, wasu a jerin gwanon motoci har zuwa Njamena ta ƙasar Cadi. A ƙarshen wannan watan dai rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Mali ta rufe aikinta. Amurkawa kuma suka bar sansaninsu na Yamai a watan Yuli na 2024, suka bar na Agadas a watan Agusta. An sha yin sharhi a kan siyasar lamarin, kuma ba ita ta tara mu yau ba. Akwai wani aiki da ake yi a bayan fage duk lokacin da runduna za ta tashi daga wuri, wanda kamara ba ta cika ɗauka ba. Duk sansanin da ke da jirage da motoci da janaretoci, to yana da tankuna da tiyo da famfuna na zuba mai. Waɗannan kaya ba a kwasarsu a watsa bayan mota yadda ake kwasar gadaje da kujeru. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, an tsane su, an kore musu tururi, an busar, an toshe, an rubuta, kafin a sa su a sito ko a loda su a jirgi.

Wani zai ce, to ni da ba soja ba, ina ruwana? Da ruwanka, malam. Man da sojan nan ke kaffa-kaffa da shi, shi ne a cikin jarkar da ke bayan ƙofarka, shi ne a cikin injin ban ruwan da ke gonarka, shi ne kuma ya taɓa zama a cikin duron da aka kawo maka ka yanka a shagon walda. Ku biyo mu a hankali.

Bari mu fara da sanin kayan. Mafi ƙanƙanta a cikinsu kowa ya san ta, wato jarkar ƙarfe mai cin lita 20, mai hannu uku a sama. Jamusawa ne suka ƙera ta a 1937, ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yaƙin, sojojin Birtaniya da ke yaƙi a hamadar Afirka ta Arewa suna ɗaukar fetur ne a cikin wasu gwangwanaye marasa kauri, waɗanda ke fashewa a hanya, mai ya yi ta tsiyaya cikin rairayi kafin a isa bakin daga. Da suka kama jarkokin Jamusawa suka ga bambanci, sai su da Amurkawa suka kwaikwaya. Bayan saukar sojojin ƙawance a Faransa a 1944 jarkoki miliyoyi suka ɓace a gefen hanyoyi, domin direba in ya juye sai ya yar, har ta kai an nemi yaran makaranta su riƙa tsinto su. Tun daga wancan lokaci rundunoni suka gane cewa mazubin mai shi kansa dukiya ne, kuma wanda bai adana shi ba zai wayi gari da mai a tashar jirgin ruwa amma babu abin kai shi inda ake bukata.

Yau kuwa babban abin da ake ajiye mai a fili shi ne tankin roba mai naɗewa. Wanda ya san salka, wadda matafiya ke zuba ruwa a ciki, ya riga ya fahimci siffarsa: in babu komai a ciki a shimfiɗe yake a ƙasa, in aka ɗura masa mai sai ya kumbura. Da zaren nailan ake saƙa shi, a lulluɓe ciki da waje da roba ta musamman wadda mai ba ya ci. A rundunar Amurka akwai mai cin galan 3,000, da mai 10,000, da mai 20,000, da mai 50,000, har da wanda ya fi haka. Mai galan 50,000 ɗin nan ya kusa lita 190,000, wato ya fi tankokin titi biyar irin masu ɗaukar lita 33,000. Akwai kuma ƙaramin duro na roba mai galan 500, kusan lita 1,900, wanda jirgi mai saukar ungulu ke ratayawa a ƙarƙashinsa, ko mota ta ja shi yana gangarawa. Sai injin tura mai, wanda wani daga cikinsu ke tura galan 350 a minti ɗaya. Sai matata, wadda ke raba mai da ruwa da datti. Sai tiyo mai tsawo, da bawul, da bakunan zubawa, da wayoyi da sandunan ƙarfe da ake kafawa a ƙasa.

To a cikin duk wannan, mene ne abin tsoro? Ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar shirin namu na yau.

Ruwan fetur ba shi ne ke kamawa da wuta ba. Tururin da ke tashi daga jikinsa shi ke kamawa, kuma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado. Masana sun auna: in tururin fetur bai kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wuri ba, ba zai kama ba, ya yi kaɗan. In ya wuce kashi 7.6 cikin ɗari, shi ma ba zai kama ba, ya yi yawa, iska ta yi masa kaɗan. Tsakanin waɗannan biyun ne ajali yake. Duron da ke cike da fetur, ɗan sararin da ya rage a samansa yawanci tururi ya yi masa yawa. Amma duron da aka juye, iska ta shiga ta cika shi, ɗan abin da ya maƙale a gindi da haɗin ƙarfe kuma yana ta tashi, shi ne ke faɗawa daidai cikin wannan ma'auni. In ka yi lissafi, cokali biyu na fetur, irin cokalin cin abinci, ya isa ya mai da duro mai lita 200 abin fashewa. Cokali biyu, jama'a. Wane ne a cikinmu ya taɓa juye duro har ya tabbatar bai bar cokali biyu a ciki ba?

Tururin nan kuma ya fi iska nauyi, ninki uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya watse yadda hayaƙin girki ke yi. Bin ƙasa yake yi, ya gangara kwata, ya kwanta a rami, ya shiga ƙarƙashin mota, ya yi tafiya mai nisa har ya tarar da murhu ko guntun taba, sannan wutar ta biyo sawunsa ta dawo inda ya fito.

Yawancin rundunonin ƙasashen NATO yanzu sun koma amfani da mai iri ɗaya a jirage da motoci da janaretoci. Amurkawa suna kiransa JP-8, a NATO kuma F-34. Asalinsa kananzir ne na jirgin sama da aka yi wa ƙarin wasu sinadarai. Ya fi fetur sauƙin sha'ani, domin fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, shi kuwa wannan sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38. A Jamus ko Ingila wannan kariya ce babba, da wuya rana ta kai haka. Amma ku tuna da watan Afrilu da Mayu a Agadas ko Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke wuce 40 a inuwa, balle baƙar roba da ke shimfiɗe a tsakiyar rana. A yankinmu kananzir ma yakan ɗauki halin fetur. Wanda ya koyi aikin a ƙasar sanyi, in ya zo nan bai sake lissafi ba, zai yi ganganci da ransa yana ganin ƙa'ida yake bi.

Saboda haka matakin farko na shirya kaya, tun kafin a taɓa ƙusa ɗaya, shi ne kawar da duk abin da zai haifar da tartsatsi. A kashe injinan da ba a bukata. A hana taba da ashana. A ajiye tukwanen kashe gobara a kusa, da mutum a tsaye a gefensu. Sannan a haɗa kowane ƙarfe da ɗan'uwansa da waya, a haɗa wayar da sandar da aka kafa a ƙasa. Dalili shi ne mai in yana gudu a cikin tiyo, musamman in ya ratsa matata, yana tara lantarki ta hanyar gogayya. Duk wanda ya taɓa tuɓe rigar sanyi cikin duhu a lokacin hunturu ya ji ƙas-ƙas, ya ga 'yan tartsatsi, to ya san irin lantarkin da nake nufi. Wannan ɗan tartsatsin ya ishi tururin fetur. Kuma ƙa'idar ita ce wayar ƙasa ita ake fara ɗaurawa, ita ake cirewa a ƙarshe, bayan an gama komai.

Daga nan sai tsane tankin. Injin zai zuƙe abin da zai iya, amma ba ya taɓa zuƙewa duka. Sai mutane su jeru a gefen da ya fi nisa, su ɗaga roba suna naɗowa a hankali, suna koro ragowar man zuwa bakin fita, a tare shi a mazubi. Ba a zubar da shi a ƙasa. Tun farko ma a cikin wani fili da aka kewaye da ganuwar ƙasa ake shimfiɗa tankin, da leda mai kauri a ƙarƙashinsa, don in ya fashe man ya tsaya a nan kada ya bi ƙasa ya sami rijiyar mutane. Ragowar da aka tara, in mai tsabta ne a gwada shi a yi amfani da shi, in ya gurɓata a rubuta a jikin mazubin a kai inda ake zubar da irinsa. Ni a ganina a nan ake gane runduna mai mutunci. Baƙon da zai tashi ya bar wa masu gari ƙasar da ta sha mai, ya ci amanar masauki, ko da ya share filin ya yi fes.

Bayan tsanewa sai korar tururi. Hanyoyin sun danganta da irin kayan. Akwai hura iska mai yawa ta baki ɗaya ta fita ta ɗayan, da injin hurawa wanda aka ƙera don kada ya yi tartsatsi. Akwai zagaya wani mai na musamman mai wuyar kamawa a cikin famfo da bututu, ya wanke ragowar ya fito da ita. Akwai kuma cika mazubin da iskar naitirojin wadda wuta ba ta ci a cikinta, sai dai ita ma tana da nata haɗarin, domin wanda ya cusa kai a wurin da ta cika zai faɗi ba tare da ya ji warin komai ba. Abin da ba a yi ko kusa shi ne hura iskar oksijin ta tukunyar masu walda, wannan kiran gobara ne da baki.

Ta yaya ake sanin aiki ya yi? Ba da hanci ba. Hanci yana sabawa da wari cikin 'yan mintoci, mutum ya rantse babu komai alhali wurin cike yake. Akwai na'urar auna tururi da ake zura bakinta a ciki, ta nuna ko an kusa ma'aunin kamawa. Kuma gwaji ɗaya ba ya wadatarwa. Roba tana shan mai, tsatsa da dattin gindin tanki suna riƙe shi. Ka auna da safe ka ga lafiya, ka rufe, rana ta buga shi, da la'asar ka sake aunawa ka tarar tururi ya dawo. Shi ya sa masu aikin ke jira, su sake gwadawa, kafin wani ya sa hannu a takarda.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan yadda sojoji ke shirya kayan zuba mai don ajiya ko tafiya. Mun gama da tururi, wanda ke kashe mutum. Yanzu sai abin da ke kashe kayan su kansu, kuma na gaba a cikinsu shi ne ruwa.

Duk mai yana ɗauke da ɗan ruwa, daga raɓa, daga damshin iska, daga tankar da ta kawo shi. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu akwai wasu ƙwayoyin halitta, har da wani nau'in fumfuna, da ke rayuwa a ruwan suna cin man. Su ne ke haifar da wannan baƙin yauƙi da makanikai ke gani a gindin tankin gas, wanda ke toshe filta ya kuma ci ƙarfe. A mota abin ya tsaya a ɓacin rai a gefen titi. A jirgin sama kuwa, inda sanyi ke daskarar da ruwa ya toshe hanyar mai, babu gefen titi. Wannan ne aikin matata: a cikinta akwai wasu sanduna masu laushi da ke tara ƙananan ɗigon ruwa su zama manya, da wata rariya da ke barin mai ya wuce ta hana ruwa. In za a ajiye ta, sai a buɗe ƙasanta ruwan ya fita, a ciro sandunan da aka yi aiki da su, a goge cikin a busar. Sababbin sanduna kuwa a bar su a cikin ledarsu a rufe har ranar da za a sa su. Wanda ya rufe matata da jiƙaƙƙun sanduna don gudun wahala, ranar buɗewa wari ne zai fara yi masa maraba.

Tankin roba shi ma haka. A wanke bayansa da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a bar shi ya bushe sarai ciki da waje. Irin robar da ake yi wa wasunsu, in zafi da damshi suka haɗu a kanta sai ta yi laushi, haɗin ya saki. Kafin a naɗe, mutane su bi shi taku-taku da ido da tafin hannu, suna neman yanka, da kumburi, da inda haɗi ya fara ɗagawa. Abin da za a iya liƙewa a liƙe yanzu. Abin da ya wuce gyara a rubuta a fili cewa ya mutu, kada a naɗe shi a tura wa wani. Bakunan ƙarfe da ke jikinsa a toshe su da murfi, a naɗe su da tsumma mai kauri, domin a doguwar tafiya kan hanya mai gargada ƙarfen zai yi ta gugar robar har ya huda ta. Sannan a rubuta ranar da aka fara zuba masa mai, saboda tankin da bai taɓa ganin mai ba yana daɗewa a sito, amma daga ranar da ya jiƙe kwanansa ya fara ƙirguwa, shekarun aikinsa kaɗan ne.

Tiyo ba shi da wuya. A ɗaga baki ɗaya, a bi shi ana ɗagawa har abin da ke ciki ya gangaro, a gwada wayar da ke cikin jikinsa a ga ba ta tsinke ba, a sa murfi a kowane baki, a naɗe shi da faɗi ba tare da an karya shi ba. Tiyon mai ba ya komawa tiyon ruwan sha har abada, kome wankin da aka yi masa.

Injin turawa ne ke son haƙuri. A kwance toshiyar da ke ƙasan famfon a tsane shi, domin ruwan da ya rage, in kayan suka je ƙasar ƙanƙara, zai daskare ya tsaga ƙarfen. A zuba man kariya daga tsatsa a juya shi ya shafi ko'ina. A canza baƙin mai tun injin yana da ɗumi. A tsane tankin injin, a bar shi ya ci abin da ya rage a bututu har ya mutu da kansa. A cire batir, a naɗe kawunan wayoyin kada su taɓa juna. A liƙe bakin salansa da mashigar iska, don ƙura da zanzaro da ɓera. Daga ƙarshe a rataya masa takarda a inda ake tayarwa, mai cewa ga abin da aka cire, ga abin da aka toshe, kada a tayar sai an mayar. Takardar nan ba ta kai tafin hannu ba, amma rashinta ya sha kashe injin da aka yi wa duk sauran hidimar.

Sai ƙananan kaya, waɗanda su ne aka fi rainawa: zoben robar da ke hana yoyo a mahaɗar tiyo, da ƙusoshi, da sifana, da littafin injin. A ƙirga su bisa jerin da ya zo da kayan, a ɗaure a jaka, a sa a akwatin da suka fito. Ku yi tunanin wanda zai buɗe akwatin nan. Mai yiwuwa wani kurtu ne a wata ƙasa, bayan shekara uku, cikin dare, jirgi na jira a ɗebo wanda ya ji rauni. Bai san sajan ɗin da ya rufe akwatin ba, ba kuma zai taɓa ganinsa ba. In zoben roba ɗaya ya ɓace, duk tankin da famfon sun tashi a banza a wannan daren. Wannan amana ce tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba, kuma ni ban san wani ma'aunin ƙwarewa da ya fi ta ba.

A sito, abin da ake nema shi ne inuwa, da bushewa, da iska. Kaya su hau kan katako, kada su taɓa ƙasa. A sa 'yan ƙunshin nan masu shan damshi a cikin akwati, da katin da ke canza launi in damshi ya shiga. Roba a nisanta ta da rana da injinan lantarki masu aiki, domin iskar da ke fita daga tartsatsinsu tana tsattsaga ta. A yi maganin ɓera da gara. Kuma a riƙa buɗewa lokaci-lokaci ana dubawa.

In tafiya za a yi, sai dokokin duniya su shigo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba kowane abu mai haɗari lamba. Fetur 1203, gas 1202, kananzir 1223, man jirgin sama 1863, dukkansu a rukuni na 3, mai alamar harshen wuta a kan jan fili. In kun lura, za ku ga irin wannan alamar a jikin wasu tankokin da ke bin titunanmu. Abin da nake so ku riƙe shi ne: a dokar jiragen sama da ta jiragen ruwa, mazubin da aka juye amma ba a wanke an kore masa tururi ba, ana ɗaukarsa ne tamkar cike yake. Alamarsa ɗaya, takardarsa ɗaya. A jirgin sama akwai ƙarin dalili, domin in an yi sama nauyin iska yana raguwa, iskar da ke cikin mazubi ta kumbura ta turo ragowar mai waje, a wurin da babu tagar buɗewa.

A ranar 11 ga Mayu 1996 wani jirgin fasinja na kamfanin ValuJet ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Miyami ta Amurka, ya faɗa cikin fadama, mutum 110 da ke ciki babu wanda ya tsira. Ba mai ne ya jawo ba, wasu gwangwanayen samar da oksijin ne da aka loda a ɗakin kaya. Amma a takardar lodin an rubuta cewa fanko ne, alhali ba fanko ba ne. Wanda ya rubuta bai duba ba, wanda ya karɓa ya yarda da rubutun.

Akwai kuma wanka. Kayan da suka zauna a ƙasar wasu ba sa shiga wata ƙasa da laka a jikinsu, domin laka tana ɗauke da irin ciyawa, da ƙwai na ƙwari, da cututtukan dabbobi. Jami'an aikin gona suna bin lungu-lungu da tocila kafin su yarda a loda. Tsibirin Guwam ya ɗanɗana kuɗar sakaci a nan: bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji mai hawa bishiya ya shiga tsibirin, ana kyautata zaton a cikin kayan soja, ya yaɗu har ya ƙarar da mafi yawan tsuntsayen dajin wurin. Katakon akwatin ma sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, a buga masa hatimi, don kada ya tafi da ƙwaro.

To jama'a, mu dawo gida. Ba mu manta da Majiya ta jihar Jigawa ba, a watan Oktoba na 2024, inda tankar fetur ta faɗi, mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Ba mu manta da mahaɗar Dikko ta jihar Neja ba, a watan Janairu na 2025, inda rahotanni suka ce ana ƙoƙarin juye man tankar da ta faɗi zuwa wata da taimakon janareta ne wutar ta kama, fiye da mutum 80 suka tafi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Talauci ne ya kai da yawansu wurin, wannan gaskiya ne, kuma ba mu zo zargin mamaci ba. Amma tururin da muka yi bayani shi ne ya kwanta a ƙafafunsu, kuma da yawa ba su taɓa samun wanda ya gaya musu yadda yake tafiya ba.

Malam mai walda, in an kawo maka duro ko tankin mota aka ce ai babu komai a ciki, an ma ɗauraye, kada ka ɗauki maganar. Ɗauraya da ruwan sanyi ba ta fitar da man da ya shige cikin tsatsa da haɗi, zafin wutarka ne zai fito da shi. In da hali, a sayi wani. In dole ne, a wanke da ruwan zafi da sabulu sosai, a buɗe duk murafun, a cika shi da ruwa har kusa da inda za ka taɓa, kuma ka kori yaran shago daga wurin. 'Yan'uwa masu sayar da mai a bakin titi, jarkokin da kuka juye kada su kwana a ɗakin da ake kwana ko kusa da madafa, kuma in za a cika jarka a sauke ta ƙasa, kada a cika ta a bayan mota ko a kan babur. Baba manomin rani, in damina ta sauka za ka jingine injin ban ruwa, ka tsane famfon, ka tsane tanki da kafireta, ka canza baƙin mai, ka toshe bakunan, ka ɗora shi a kan katako a inuwa, kuma ka sa ɗanka ya rubuta abin da ka cire ya ɗaura a jiki. Iyayenmu mata, jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko gas kada ta koma ta ruwan sha ko ta man girki. Duk wanda ya ga tanka ta faɗi kuwa, ya ja yaransa ya yi nisa, ya nufi tudu ta inda iska ke fitowa, ya kira 'yan kwana-kwana.

Wanda ya ji, don Allah ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman masu walda da makanikan unguwarku. A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. 

(Kiɗan rufe shiri)